Hitar gidan haya na cinye min albashi, ko akwai dabarar da za ta riƙa kunna kanta tana kashewa?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Dan Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku taimaka min da shawara don abin ya fara fin ƙarfina. Ina Bradford a Ingila, gidan haya ne mai ɗaki biyu da falo a hawa na ɗaya, iyali sun iso watan Satumba wannan ne hunturunsu na farko, ni kuma na biyu, amma bara ɗaki ɗaya na kama a gidan da aka haɗa kuɗin wuta da gas cikin kuɗin haya to ban san dawan garin ba sai yanzu da mita ta koma sunana. Bil ɗin Nuwamba da ya zo wallahi sai da na nemi wuri na zauna na sake karantawa, na ɗauka har da na maƙwabci aka haɗa min.

Ga yadda gidan yake. Akwai boila a kicin irin wadda ke ba da ruwan zafi nan take ba ta da tanki, radiyeta shida, sai wani abu kamar murfin kwalba a bangon korido da ake murɗawa, lambobinsa daga 10 zuwa 30. Ni aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi, kwana huɗu a sati, in fita takwas saura na dare in dawo bayan takwas na safe. Madam in ta ji sanyi sai ta murɗe abin nan har ƙarshe ta kwanta, hita ta kwana tana ci, in na dawo in tarar da gida kamar gidan burodi har an buɗe taga saboda zafi. In na yi magana ta ce yara, kuma gaskiyarta ne, ƙaramin watansa bakwai.

Wani abokin aikina ɗan Ghana ya nuna min a wayarsa yadda yake kunna hitar gidansa tun yana cikin bas, abin ya burge ni, amma shi gidan nasa ne saya ya yi. Ni takardar haya ta ce kar in canza komai sai da izini a rubuce, ga kuɗin ajiyata na sati biyar a hannunsu, ba na son ranar tashi a ce na ɓata musu wani abu. Abin da nake so shi ne hita ta kama kafin asuba, ta ragu in an kwanta, ɗakin da ba kowa kar a yi ta ƙona masa gas, kuma ranar da zan tashi in kwance kayana in tafi da abina. Akwai wanda ya taɓa yi? Me zan saya, kuma ina ne bai kamata in sa hannu ba?

Injiniya Bello:

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ana yi a gidan haya sosai, amma abin hawa-hawa ne, akwai wanda ba sai ka tambayi kowa ba, akwai wanda in ka taɓa babu izini ka ja wa kanka.

Kafin maganar sayayya, wannan abin na bango tamostat ne, ba totur ba ne. In an kai shi 30 ɗakin ba zai yi saurin ɗumi ba, abin da kawai aka gaya wa boila shi ne kar ki tsaya sai korido ya kai digiri 30, korido kuma da iskar ƙofa ke shiga ina zai kai 30 a Disamba? Shi ya sa take kwana tana ci. Wannan kuskuren kusan dukanmu mun yi shi a shekarar farko, ni ma na yi, don haka a yi wa madam bayani cikin ruwan sanyi.

Yanzu je ka duba gindin kowace radiyeta. A gefe ɗaya za ka ga wani farin kai mai lamba 1 zuwa 5 da 'yar alama kamar tauraro. A cikin kan nan akwai wani abu da ke kumbura in ɗaki ya yi zafi, sai ya danne wani ɗan tsinken ƙarfe da ke ƙarƙashinsa, tsinken ya toshe hanyar ruwan zafi, in ɗaki ya huce ya saki. To shi kan ba ruwa a cikinsa ko kaɗan, zobe ɗaya ne ya riƙe shi, ka kai shi lamba 5 tukuna sannan ka kwance zoben da hannu ko da filaya a hankali, ya fita. Na zamanin da ake sayarwa, irin na tado ko Hive ko Drayton Wiser, a wannan gurbin suke hawa, batir biyu ne a ciki da ɗan mota mai danna tsinken maimakon wancan abu mai kumbura, kai kuma ka tsara masa lokaci a waya. Yawancin bawul ɗin nan zarensu M30 ne mai tazarar 1.5, in kuma ka ga an rubuta Danfoss sai ka yi amfani da adaftar da ke zuwa cikin kwalin. Babu huda bango babu yanka waya, tsoffin kawunan ka zuba su a leda ka rubuta wa kowanne ɗakinsa ka ajiye, ranar tashi minti ashirin ka mayar. Abu ɗaya, goron ƙarfen da ke ƙasa da kan, wanda ya haɗa bawul da bututu, kar ka kusance shi da sifana, wannan in ka kwance baƙin ruwa ne zai wanke maka kafet kuma kai ne a hawa na ɗaya akwai mutane a ƙasanka.

Amma ga inda mutane ke asarar kuɗi. Kan radiyeta rufewa da buɗewa kawai ya iya, ba ya iya ce wa boila tashi. In ka tsara ɗakin yara ya kai 19 da ƙarfe biyar na asuba alhali tamostat ɗin korido ya kashe boila, kan zai buɗe baki ne yana jiran ruwan zafin da ba zai zo ba. Kafin waya ta iya kunna boila sai an ɗaura wani ɗan akwati mai karɓar umarni a jikin wayoyin boilar, ko a cire tamostat ɗin bango a sa na zamani a wurinsa, kuma irin naka mai murɗawa sau da yawa wutar 230 ce ke bi ta cikinsa, ba abin wasa ba ne. Nan ne dole ka rubuta wa ejan ko mai gida, ka ce kai za ka biya, ƙwararre zai ɗaura, za ka mayar da tsohon in za ka tashi ko ka bar musu. Da yawa suna yarda tunda ba kuɗinsu ba ne. In kuma aikin sai an buɗe murfin boilar kanta to ka nemi mai rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda doka ta yarda su yi aikin gas, kar ka yarda da wane ya iya.

Sannan za ka lura radiyetar da ke korido ɗaya da tamostat mai yiwuwa ba ta da irin wannan kan, ba mantuwa aka yi ba, da gangan aka bar ta buɗe don ruwa ya sami inda zai zaga in sauran duk sun rufe, kuma don kar kan da tamostat su riƙa faɗa da juna. Ita ka ƙyale ta yadda take.

Maman Iman:

Baban Hanifa sannu da ƙoƙari, amma bari in ɗan kare 'yar uwata. Ku maza kuna wurin aiki inda hita ke ci ba ku ke biya ba, ita ce ke wuni cikin bango huɗu da jariri, mutumin da ya baro Kano ko Gusau wata uku da suka wuce jikinsa bai saba ba, kar ka ɗaura wani abu da kai kaɗai ke da iko da shi a wayarka ta zauna tana rawar ɗari sai ta kira ka. Duk abin da za ka saya a sa manhajar a wayarta ita ma, kuma ya zama mai maɓallin da za ta iya dannawa da hannu ta ƙara zafi na awa ɗaya ya koma da kansa.

Abin da ya sa na shigo ma shi ne maganar ɗakin da ba kowa. Dan Allah kar ka kashe shi gaba ɗaya. Mu a gidanmu na farko a Leicester haka muka yi, muka rufe radiyetar ƙaramin ɗaki muka mai da shi wurin shanya tunda ba rana, muna murna muna tattali, zuwa Fabrairu da na janye wadirof bangon bayansa ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, takalman maigida na fata duk sun yi kore, lesuna biyu sai zubarwa na yi. Da muka zo tashi ejan ya ce laifinmu ne ba mu ɗumama ɗakin ba ba mu buɗe taga ba, aka yanki wani abu cikin kuɗin ajiyar aka ce na fenti ne. Abin da muka tara na gas bai kai rabin abin da aka cire ba. Ka duba yadda muke girki, tuwo da miya da farfesu tukunya na tafasa awa biyu, ga wanka ga wankin jariri, duk tururin nan inda ya fi sanyi yake zuwa ya kwanta ya zama raɓa. Ni yanzu ɗakin da ba a kwana ina barinsa a 16, inda muke zama 19 zuwa 20, kuma na sayi ɗan ma'aunin danshi na 'yan fam kaɗan, in na ga ya wuce 60 ya zauna a can sai in buɗe taga minti goma. Hukumomin lafiya a nan 18 suke cewa kar gida ya gaza, ɗakin da jariri ke barci kuma 16 zuwa 20 ake so, zafi da yawa ma ba alheri ba ne gare shi, wannan in ka gaya wa madam za ta fi saurin yarda da a ce mata bil. Fumfuna ba ƙazanta ce kawai ba, wani yaro ɗan shekara 2 da ya rasu a garin Rochdale a 2020 ita ce sanadi, har aka yi doka da sunansa.

Sai kuma abin da na san ba za ka yi ba amma zan faɗa saboda sabbin zuwa da ke karantawa, kar wanda ya ce zai hura gawayi a kasko cikin ɗaki irin na gida don gudun kuɗin gas. Ɗakunanmu na gida iska na shiga ta ko'ina, nan kuwa a toshe suke ruf, iskar guba ta carbon monoxide da gawayin ke fitarwa ba ta da wari barci kawai mutum zai ji. Ka duba ma ko akwai ƙararrawar wannan iskar mai guba kusa da boilarka, tun Oktoban 2022 dole ne mai gida ya sa a Ingila, in babu ka nema haƙƙinka ne.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum. Ni ina Jamus ne, tsarinmu ya ɗan bambanta amma wataƙila wani ya amfana. A nan yawancin gidajen bene boila guda ce a ƙarƙashin ƙasa ta dukan gidan, cikin hunturu ruwan zafi na zagayawa, ɗan haya ba ruwansa da ita, to matsalar da Injiniya ya faɗa ta cewa kan radiyeta bai iya tada boila mu ba ta dame mu ba, kan shi ne komai. Ni huɗu na sa na FRITZ!DECT 301 tunda dama akwatin intanet ɗina FRITZ!Box ne, da shi suke magana kai tsaye ba sai na ƙara sayen wata na'ura ba, ban kuma tambayi kowa ba, tsoffin suna cikin kwali a sito.

Lambobin nan na jikin kan ma mutane ba su san ma'anarsu ba, a nan 3 kusan digiri 20 ne, kowace lamba tazarar digiri 4, wato 2 kusan 16, 4 kusan 24, 5 kuwa 28. Na Ingila zai iya ɗan bambanta amma tafiyar ɗaya ce. Kuma abin da ake faɗa a nan duk digiri ɗaya da ka rage kusan kashi 6 cikin ɗari ne na kuɗin ɗumama. Mu abin tsoronmu ba faktir ɗin wata ba ne, wato bil, akwai ɗan abin ƙirga da ke manne jikin kowace radiyeta, shekara na zagayowa a aiko maka lissafi a ce ka cika kaza, a lokacin ka riga ka manta da sanyin ma.

Abu biyu da ba su rubuta a kwali ba. Na ɗaya, kan yana auna zafi ne a jikin radiyeta, to zai ce maka 22 kai kana kan kujera kana jin 19, sai ka shiga manhajar ka gyara tazarar, in labule ko kujera ta rufe shi kuwa sai a hankali. Na biyu motar tana ƙara, zzz na 'yan daƙiƙu duk lokacin da ta motsa, da rana ba ka ji amma ƙarfe huɗun dare a ɗakin barci za ka ji, madam ɗina sati biyu tana cewa ɓera ne.

Abba Kwamfuta:

Baban Hanifa in kana da ɗan haƙurin ƙwaƙule-ƙwaƙule akwai hanya mai arha. Kawunan Zigbee (wata hanyar sadarwa ce ta na'urorin gida kamar wayifai) irin Sonoff TRVZB ba su kai rabin kuɗin manyan kamfanonin nan ba, ka haɗa da ɗan sandan Zigbee na USB da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi ko tsohuwar laftof, ka ɗora manhajar sarrafa kayan gida Home Assistant kyauta ce, komai a cikin gidanka yake gudana ko intanet ta ɗauke jadawalin na tafiya. Abin da ya fi min daɗi akwai wani sashe a ciki mai suna Islamic Prayer Times, yana lissafa lokutan salla na garinka kullum, ni na ce masa minti 40 kafin asuba ya buɗe banɗaki da falo, to ba ruwana da gyara agogo duk sati yadda lokacin ke matsawa a ƙasar nan, ga azumi na tafe cikin Fabrairu da sauran sanyi, sahur ma haka zan yi masa.

Dalilin da ya sa na fi son wanda ba ya dogara da kamfani, ka ga Google a Oktoban 2025 ta daina tallafa wa tsoffin tamostat ɗinta na Nest na farko da na biyu, suna aiki a bango amma ba ka iya sarrafa su da waya, kuma ta ce ba za ta ƙara fito da sabon tamostat a Turai ba. Wasu kamfanonin kuma sai ka sayi kayan sannan ka tarar abin da ya ja hankalinka, kamar kashe hita da kanta in kowa ya fita, sai ka biya kuɗin wata-wata. Ka karanta wannan kafin ka biya.

Maganar kashewa in an fita ma ka yi hattara, ni na taɓa kwafsawa, na ɗaura shi a kan wayata ni kaɗai na manta Hajiyarmu ta zo ziyara tana gidan, ina fita makaranta gida ya ɗauka ba kowa ya rufe komai, na dawo yamma na same ta da bargo biyu da carbi, faɗan da na sha ranar har yau ban manta ba. Kai da iyalinka ke gida kullum wannan fasalin ba shi da wani amfani gare ka, jadawali kawai kake buƙata.

Kawu Sule:

Yaran nan kuna ta lissafa masa na'urori ba wanda ya ce ya je ya kalli fuskar boilar. Baban Hanifa, buɗe ɗan murfin roban da ke gaban boilarka, na saka hannu ba na sukuru ba, ina kyautata zaton za ka ga agogo zagayayye mai 'yan haƙora kewaye da shi. Kowane haƙori minti 15 ne, ka tura na lokacin da kake so ta ci, ka bar sauran, ka mai da maɓallin kan alamar agogo. Ga hita mai kunna kanta da kashe kanta, kuma mai gida ya riga ya biya kuɗinta. Shekarata ashirin da wani abu a Manchester da shi nake aiki.

Ku yi lissafi mana. Kai biyar na manyan kamfanoni, kowanne fam 50 zuwa sama, ga akwatin haɗa su, ga mai ɗaurawa, ka haura fam 300 ba ka rage ko kwabo ba tukuna, a gida mai ɗaki biyu da mutane ke ciki dare da rana. Wane ɗaki ne ma ba kowa? Na'urorin nan sun fi biyan kuɗinsu a babban gida ko gidan da kowa ke fita tun safe. Ba na ce ba su da kyau ba, Abba kar ka ji haushi, amma wanda ke kan bizar aiki bai san garin da zai kasance baɗi ba ya fara da na kyauta. Tamostat a 19, haƙoran agogo, tsumma ko matashin da ake sa wa a gindin ƙofa, labule kar ya sauko ya rufe radiyeta, in saman radiyeta sanyi ƙasanta zafi iska ce a ciki a sace ta da ɗan makullin fam ɗaya. Ya yi wata guda a haka yana rubuta lambar mita duk Juma'a, sannan ya ga ko akwai sauran abin saya.

Injiniya Bello:

Kawu ya yi gaskiya, na sha'afa da agogon, girma ya faɗi. In ƙara ɗaya cikin na kyauta, a gaban boilar akwai maɓalli mai alamar radiyeta, shi ne zafin ruwan da ke fita zuwa radiyetoci, sau da yawa masu ɗaurawa na barinsa a 70 ko 80. Boilolin yanzu suna ƙwato zafin da ke cikin tururin hayaƙinsu ne in ruwan da ke dawowa bai kai kusan 55 ba, to in ka sauke shi zuwa 60 za ta rage cin gas, sai dai ɗaki zai ɗan daɗe kafin ya ɗumama, sai ka matso da lokacin kunnawa baya da minti 15 ko 30. Wannan na masu kombi ne, wato boila marar tanki irin taka. Mai tankin ruwan zafi kar ya kwaikwaya kai tsaye, tanki ana son ya riƙa kai 60 saboda ƙwayar cutar da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Inda zan ɗan saɓa da Kawu, agogon haƙora bai san Asabar bai san Talata ba, kuma kunnawa da kashewa kawai ya iya, ba ya iya cewa da dare a sauka 17 maimakon a mutu gaba ɗaya, mai jariri kuma wannan yake so.

Ummu Sadiq:

Afuwan na shigo muku da tawa, ni gidana a Hull ba gas sam, hitocin bango ne masu nauyi da ke ɗaukar zafi da dare, zuwa magariba sun huce. Na sayi 'yar hitar lantarki, zan iya sa mata soket ɗin nan mai wayifai ta riƙa kunna kanta kafin in dawo?

Injiniya Bello:

Hajiya ban ba ki shawara ba. Hita mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9 awa da awanni, soket mai arha yana iya zafi ya narke ko da an rubuta 13 a jikinsa, kuma babbar matsalar ma hita ta kama ba kowa a gida, mayafi ya faɗo kanta shi kenan. Waɗancan na bangon duba samansu akwai maɓalli biyu, ɗaya na yawan zafin da za su ɗauka cikin awa bakwai masu arha na Economy 7, ɗaya na yawan wanda za su saki, na sakin ki mai da shi ƙasa can kafin ki kwanta da lokacin da za ki fita, sai kin dawo ki buɗe, za ki ga sun kai ki dare.

Baban Hanifa:

Jama'a Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Kawu wallahi agogon na nan, wata uku ina wuce shi kullum in na zo ɗaukar kofi, an bar maɓallin a kan ci kullum. Na tura haƙoran daga biyar zuwa tara na safe, sha biyu zuwa biyu, sai huɗu zuwa goma da rabi na dare, na kuma ƙara rabin awa wajen ƙarfe biyun dare saboda ƙaramin, zafin ruwan na same shi a 75 na sauke 60. Maman Iman na karanta wa madam abin da kika rubuta daga farko har ƙarshe, ta ce a gaishe ki, ta ce dama ta san sai mace ta shigo za a faɗi gaskiya, tamostat yanzu yana 20 mun yi sulhu a nan, ni 19 na so. Na janye wadirof ɗin ɗakinmu ma na ga ɗan baƙi-baƙi ya fara a lungu, na goge na ɗauki hoto na bar tazara tsakaninsa da bango.

Na tura wa ejan saƙo kan canza tamostat ɗin bango, sun ce mai gida bai ƙi ba in mai takardar aiki ne zai ɗaura kuma in aiko musu rasit, na adana saƙon. Amma zan bi ta Kawu in ga mita na wata ɗaya tukuna. Kai ɗaya dai zan saya na falo, don shi ne ke shan gas da dare ba kowa ciki. Na gwada kwance tsohon don in ga zaren, sai na tarar tsinken ɗakin yara a danne yake ba ya tasowa, ashe shi ya sa radiyetarsu ba ta zafi madam take ƙure na korido. Injiniya in ja shi da filaya?

Injiniya Bello:

A'a kar ka ja, in ya fito gaba ɗaya ruwa zai biyo shi. Ka riƙa danna shi da bayan cokali kana saki, ka ɗan ƙwanƙwasa gefen bawul ɗin a hankali, yawanci zaman rani ne ya sa ya maƙale zai taso da kansa. In ya ƙi wannan gyaran mai gida ne ba naka ba, ka kira su.

Kawu Sule:

Madalla. Ka sa a ranka Lahadin ƙarshe ta Maris in an tura agogon ƙasa gaba da awa ɗaya, na boilar ba ya bin kowa sai ka juya shi da hannu, haka ma in wuta ta taɓa ɗaukewa. Ka dawo mana da lambar mitar ƙarshen Janairu mu gani.